Kujerar Mataimaki a Garin Kettleford

Ku gyara zama. Labarin yau daga ƙetaren teku ya fito, kuma in na kai ƙarshe ku ne alƙalai.

A tsakiyar Amurka akwai wani ɗan gari da ake kira Kettleford, kogi ya raba shi biyu. Gabas da kogin manoman masara ne. Tun zamanin kakanninsu jam'iyyar ja suke zaɓa, ko sunan ɗan takara ba sa tsayawa karantawa. Yamma da kogin kuwa ma'aikatan kamfanin sarrafa nama ne, yawancinsu baƙi da suka samu takardar zama 'yan ƙasa. Zuciyarsu na wajen jam'iyyar shuɗi, amma ranar zaɓe suna bakin aiki, ba sa fitowa. Don haka tun kafin a buɗe akwati kowa ya san wanda ya ci.

A garin akwai wata tsohuwar ungozoma, Marlene Voss, wadda rabin mutanen gari a hannunta aka haife su. Wata rana ta ji cewa magajin gari, ɗan jam'iyyar ja, ya amince a rufe asibitinsu guda ɗaya tilo. Ita ta san idan dusar ƙanƙara ta toshe hanya, mai naƙuda ba za ta kai birni da rai ba. Sai ta tsaya takarar magajin gari ba tare da jam'iyya ba. Gabas suka ce ta tsufa ta rikice, yamma suka ce ai 'yar gabas ce, me ya haɗa su da ita.

Na farko da ya tsaya mata shi ne Gideon Haupt, babban manomi kuma dattijon coci, wanda bai taɓa ba kowa ƙuri'arsa ba sai ɗan ja. A taron manoma ya miƙe ya ce, "Matar nan ce ta karɓi haihuwar 'ya'yana duka. Wannan karon ita zan zaɓa, wanda zai yi fushi ya yi." Aka kuwa yi fushin. Ƙanensa ya daina gaishe shi, aka sauke shi daga shugabancin ƙungiyar manoma. Amma da yawa daga waɗanda suka zage shi a fili, da suka shiga rumfar zaɓe, bayansa suka bi.

Ta biyu ita ce Rosalba Quintero, mai yankan nama a kamfanin, uwar yara ƙanana, ba miji. In ta tashi aiki sai ta bi gida-gida tana lallashin mutane su yi rajista, tana yi musu bayani da yarensu. Waɗansu tsoron duk wani abu na hukuma suke yi, sai ta riƙe hannunsu ta kai su da kanta. Ranar zaɓe shugaban sashenta ya ce in ta fita kada ta dawo. Ta cire rigar aiki ta ajiye masa, ta ari motar maƙwabcinta, ta wuni tana jigilar mutane cikin sanyi. Ba a taɓa ganin layin masu zaɓe irin na ranar a yamma da kogi ba.

Na uku, Wendell Tarbox, malamin makaranta, shi ne ɗan takarar jam'iyyar shuɗi. Ya sha faɗuwa zaɓe yana tashi, kuma bana da manoma suka rabu, manyan jam'iyyarsa suka ce masa lokacinsa ya zo. Shi ya duba ya ga in ya ci gaba, shi da Marlene za su raba ƙuri'un yamma, magajin gari ya koma kujerarsa. Ana saura kwanaki kaɗan ya zo gidanta, ya tsaya a bakin ƙofa, hularsa a hannu.

"Misis Voss, na janye. Zan ce wa mutanena su zaɓe ki."

Ta ce, "Wendell, ka san ba za su sake tsayar da kai ba."

Ya ce, "Na sani."

Marlene ta ci zaɓe da 'yar tazara ƙalilan, asibiti ya tsira. Sai dai dokar garin ta ce magajin gari shi ke naɗa mataimakinsa, mutum ɗaya, kuma in ya gaza mataimakin ne zai hau. Ita kuwa ta san ƙarfinta ya fara ƙarewa, wanda ta naɗa kusan shi ta miƙa wa garin.

Ta zauna tana juya abin a ranta. Ba don Gideon ba, gabas ba za ta tsage ba. Ba don Rosalba ba, yamma ba za ta fito ba. Ba don Wendell ba, ƙuri'un da aka fito da su da sun rabu biyu. Ɗaya ya rasa ɗan'uwa da girmansa, ɗaya ta rasa abincin 'ya'yanta, ɗaya ya rasa abin da ya yi shekaru yana nema. Babu wanda ya zo ya roƙe ta komai, kuma kowane ɓangare na gari ya zuba ido ya ga inda za ta karkata.

To, da ku ne Marlene, wa za ku ba kujerar nan a cikin su ukun?