Gawon da Tanimu Ya Sare

Akwai wani manomi, Tanimu, wanda ya gaji gona daga mahaifinsa. Kai, gona ce ta gaske! Ƙasarta baƙa wuluk, ga gawo bakwai tsaye a cikinta. A zamanin tsohon, da rani shanun Fulani sukan kwanta a inuwar gawon suna cin 'ya'yansa, su bar taki. Damina na faɗuwa sai gawon ya zubar da ganye, dawa ta tashi har ta ɓoye mutum. Rumbu uku ake cikawa.

Da tsohon ya rasu, Tanimu ya dubi itatuwan ya ce, "Wurin kunyar shuka nawa waɗannan suka cinye? Ai ba a yin tuwo da gawo." Ya sare su duka, ya kwashe kara tas, ya dogara ga takin zamani kaɗai. Shekara uku yana samu yana fariya. Daga nan fa ƙasa ta koma rairayi, ruwa yana wanke ta, ciyawar ƙuduji ta rufe dawa. Rumbu ɗaya ma ya gagara cika, ga yara shida a gida.

Ya kai kuka wurin mahaifiyarsa, wadda idanunta suka riga suka dushe. Ta ce, "Ɗebo mini ƙasar." Ta shinshina, sai hawaye. Ta ce, "Wannan ba ƙasar babanka ba ce, tasa tana ƙamshi. Kututturan gawon suna toho?"

Ya ce, "Suna yi, Inna. Kowace sharar gona nakan sare."

Ta ce, "Wayyo ɗana! To, ka bari haka."

Ya bar tohon, ya bar kara a gona, ya yi ta kai taki a jaki. A shekara ta bakwai ƙasar ta sake ƙamshi, amma wadda za ta shinshina ba ta nan.

Ma'anar wannan misali ita ce: gonar ita ce zuciyarka. Itatuwan gawon kuwa su ne addu'ar safe, karatun Maganar Allah da zumuntar 'yan'uwa, waɗanda iyayenmu suka bar mana, muka sare don muna ganin suna cin lokaci. Allah cikin jinƙansa bai bar saiwar ta mutu ba, kullum tana toho. Ɗan'uwa, ajiye gatarin yau, tun masu yi maka addu'a suna da rai su gani.