Fitilun Tanimu

An yi wani mutum, wani bawan Allah mai suna Tanimu, a garin da ba sai na kira sunansa ba. Shekara ashirin yana ɗaukar hoto a gidan talabijin. Shekara ashirin, jama'a, har kyamara ta yi masa kanta a kafaɗa.

Sai tashar ta tashi sayen sabbin kaya, har da koren ƙyallen nan da mai karanta labarai ke tsayawa a gabansa, na'ura ta cire koren ta sa hoton kasuwa ko gona. Kowa ya ɗauka Tanimu za a ba zaɓen kayan. Ina! Aka tsallake shi aka ba Nafi'u, sabon zuwa mai takardu, aka ce idan shirin farko ya lalace, ya nemi wani aikin.

Abin ya yi wa Tanimu ciwo, ai zuciya ba dutse ba ce.

Rannan ya ga jerin kayan Nafi'u a kan tebur: kyamara mai tsadar gaske, fitila biyu kacal. Shi kuwa ya san ƙyallen nan. Idan haske bai game shi ba, na'ura sai ta cinye wa mutum kunne da gefen hula a idon duniya. Zuciya ta ce masa, "Yi shiru. Ba ka yi ƙarya ba, ba ka yi sata ba. Kujerarka ce za ta dawo."

To, ku saurara. Ya ja Nafi'u gefe, inda babu kowa.

Ya ce, "Ƙanena, rage kyamarar nan, ƙara fitilu. Ƙyalle da haskensa, mutum da nasa. Kuma kada ka sayi kyamarar da ba ka gwada ta a fuskar baƙin mutum mai farar riga ba."

Nafi'u ya sunkuyar da kai. "Yaya, ni fa na tare maka wuri."

"Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. 'Ya'yanka kuma ba su tare mini komai ba."

Shiri ya fita tas. Shugabar tashar tana cikin yabon Nafi'u a gaban ma'aikata, sai ya miƙe ya ce, "Ranki ya daɗe, fitilun nan na Tanimu ne." Tun daga ranar, ko waya ba a saye sai su biyun sun duba tare.

'Yan'uwa, ba da hannu kaɗai ake cuta ba, ana cuta da shiru. Kai da ke zaune nan, a wurin aikinka akwai wanda ka ga ya doshi rami, kana jira ya faɗa. Gobe da safe ka ja shi gefe.