Ɗuwawun Giwar Aro

An yi wani sarki da maƙwabcinsa ya ara masa mutum-mutumin giwa na tagulla, a kafa a dandalin gari. Sai ga rikici: duk unguwar da giwa ta juya wa ɗuwawu sai ta ce an zage ta. Aka juya wa mahauta, suka hau wasa wuƙaƙe. Aka juya wa marina, suka yi ca.

Tabawa, mai suyar ƙosai a dandalin, ta yi dariya har ta kusa kifar da kasko. Sarki ya ji, ya sa aka kawo ta.

Ya ce, "Tunda abin dariya ne, ki kafa ta yadda ba za ta raina kowa ba. In kin kasa, ke da kaskonki ku bar garin nan."

Tabawa ta tara ƙarti, suka saita ɗuwawun nan daidai ƙofar fada.

Sarki ya fito yana huci. "Ni za ki yi wa haka?"

"Ranka ya daɗe, dogarin ƙofarka ina yake kallo?"

"Waje mana."

"Bayansa fa?"

"Fada."

"To in raini ne, a zane shi yanzu."

Dogari ya zaro ido. Sarki ya ce, "Wane irin raini? Gadina yake yi!"

"Ita ma baƙuwar, gadinka take yi."

Sarki ya shafa gemu, ya murmusa. "Kada wanda ya kuskura ya motsa ta."

Washegari mahauta da marina suka cika fada da ƙorafi: su me suka yi da aka hana su ɗuwawun?