Jatau da Inuwar Tambarin Mota

An yi wani mutum a wani gari, tun lokacin da motocin hannu suka fara shigowa da yawa, wani bawan Allah ana ce masa Jatau. Shi ba makanike ba, shi ba mai fenti ba. Aikinsa tambarin mota ne, wato haruffan nan masu ƙyalli da ake liƙawa a bayan but, masu nuna sunan mota da girman injinta. In za a yi gyara shi ke cire su, in an gama shi ke mayarwa.

Ku saurara, sai kun san aikin za ku gane labarin. Kowa zai iya sa sukundireba ya ɓanɓare tambari, amma da fentin zai taho. Jatau ba ya sa ƙarfe. Sai ya bar mota a rana gam ɗin ya yi laushi, ya zuba ruwan ɗumi, ya zura zaren ɗinkin takalmi ta bayan harafi, yana ja dama yana ja hagu, a hankali, har harafin ya faɗo tafinsa. Ragowar gam ya murza da babban yatsa, ya bi da tsumma da ɗan kalanzir. To, amma akwai abin da ke saura. Fentin da ke ƙarƙashin tambari bai taɓa shan rana ba, ya fi na gefensa duhu. Haruffa sun tafi, inuwarsu tana nan, duk mai ido zai karanta. A garin nan kaf, Jatau kaɗai ya iya goge inuwar nan har ta saje ba tare da ya cinye fentin ba.

Rumfarsa tana cikin filin wani dillalin motoci, Alhaji Ɗanlami. Filin na Alhaji, rumfar ta Alhaji, yawancin motocin da Jatau ke taɓawa na Alhaji. Da rumfar nan yake ci da iyalinsa.

Wata rana da hantsi Alhaji ya nuna masa wata shuɗiyar mota, ya ce, "Jatau, cire min na bayan nan."

Al'adar Jatau, kafin ya taɓa tambari sai ya tambayi abin da za a mayar. Ran nan bai tambaya ba, ya ɗauka fenti za a yi. Ya cire haruffan tsaf, ya jera su a kan tsumma. Sai Alhaji ya zaro wasu sababbi daga aljihu.

"Goge inuwar, ka liƙa waɗannan."

Jatau ya jujjuya su a hannu. Motar mai fulogi huɗu ce, wato ƙaramin inji gare ta. Haruffan na mai fulogi shida ne.

"Alhaji, waɗannan ba nata ba ne."

"Na tambaye ka asalinta ne? Aure za ka nema mata? Liƙa."

"Wa zai saya, Alhaji?"

"Wani manomi. Ya sayar da shanunsa, zai sa mota a hanyar ƙauyukan kan dutse. An ce masa ya nemi mai babban inji. Ko ka buɗe masa gaban mota ba abin da zai gane, bayan but kawai yake dubawa."

"In ta kasa masa a hawa da mutane a ciki fa?"

Alhaji ya yi dariya. "Yaushe aka naɗa ka limamin filin nan? Ba magana na ce ka yi da shi ba, ba rantsuwa na ce ka yi ba. Gam za ka shafa."

"Ranka ya daɗe, shi abin da ke jikin motar zai yarda da shi. Ni kuma hannuna ne zai sa shi a wurin."

Ku lura, bai ɗaga murya ba, bai yi wa Alhaji wa'azi ba. Alhaji ya daina dariya.

"Ko ka liƙa, ko la'asar ta yi ba ka cikin rumfata."

Jatau ya tsaya yana kallon but ɗin. Ya san ba wata rumfa da ke jiransa. Ya san abin da ya bari a tukunyar gida. Sai ya tsuguna, ya kwashi tsofaffin haruffan, ya goge bayansu, ya shafa sabon gam, ya ɗora kowanne daidai a kan inuwarsa, ya danna da tafin hannu har ya kama.

"Alhaji, ga motarka yadda na same ta."

Ya naɗe zarensa da tsummokaransa a leda, ya yi sallama, ya fita.

Alhaji ya kira wani ya yi aikin. Shi kuwa wanda aka kira, sukundireba ya sa. Fenti ya ɗaye, tsohuwar inuwa tana leƙowa ta gefen sababbin haruffa. Manomin ya zo, bai san inji ba, amma yana da ido. Ya shafa wurin da yatsa, ya ce, "Alhaji, me aka cire a nan?" Amsar da ya ji ba ta kwanta masa ba, ya tafi abinsa.

Kada ku jira in ce Jatau ya yi arziki. Bai yi ba. Gindin wata bishiya ya koma kusa da tasha, wata rana a samu aiki, wata rana ya wuni yana kallon hanya, matarsa ta kama suyar ƙosai. Manomin nan bai taɓa sanin akwai wani mutum mai suna Jatau ba, har suka bar duniya. Allah ne ya san su duka biyun.

Abin da nake gaya muku ke nan: ƙarya ba sai da baki ba. Hannu ma yana yi, kuma cewa "sa ni aka yi" ba za ta wanke kowa ba ranar hisabi. Kai da ke juye shinkafa daga wannan buhu zuwa wancan, kai tela mai ɗinka sunan wani kamfani a wuyan riga, ke mai zuba man da kika gauraya a galan mai hatimi, duk kun san abin da ke ƙarƙashin abin da kuka liƙa. Gobe in maigidanka ya miƙo maka nasa haruffan, ka tambaya na wace mota ne kafin ka shafa gam. In ba nata ba ne, mayar masa, ko da rumfar tasa ce.

Allah Ya ba mu ikon yi.