Matsattsiyar Rigar Jatau Ɗan Dambe

Dalilin da ya sa jatan lande ɗan dambe yake ƙin abinci, ya yi ta gurza jikinsa da dutse, sannan ya toshe ƙofar raminsa, shi zan faɗa muku yau, don na gaji da kukan Hajjo. Tun da babanku ya kawo muku wannan ɗan halitta daga Legas a akwatin gilashi ba ku bar shi ya huta ba. Yanzu kwana uku bai ci ba, kun ga tsaga a hannunsa, kun ce mutuwa zai yi. Ba inda za shi. Hajjo, share hawayenki. Kai kuma Mudan, fid da yatsanka daga ruwan nan ka zauna.

A can da, kakan kakan wannan jatan lande, wanda ake kira Jatau, riga mai yalwa yake sawa kamar kowa. Ɗan dambe ne na gasken gaske, naushi ɗaya yake yi wa katantanwa ta dare biyu. Da ƙarfin hannu ya ƙwace ramin da ya fi kowanne kyau a ƙarƙashin teku, ya fatattaki Kaguwa daga ciki. Naushin da ta sha a ranar, har yau tafiyarta ba ta miƙe ba.

To amma Jatau akwai son a sani. Rannan ya dubi kansa ya ce wannan riga tana ɓoye masa ƙwanji. Sai ya tafi wurin Kififiya, tsohuwar da ke ɗinka wa halittun ruwa sutura.

Ya ce, "Iya, riga nake so mai tauri, wadda za ta kama ni tsam tun daga kai har dunƙulen hannu."

Kififiya ta auna shi, ta ce, "Ɗan nan, ai ba ka gama girma ba. Bari in sakar maka ita kaɗan."

"Kada ki saki ko zare ɗaya, Iya. So nake kowa ya ga damtse."

"To, na faɗa maka dai."

Ta ɗinka masa, kore da ja da shuɗi, ta yi kyau har da ban haushi. Jatau ya yi ta zagaya gari yana buɗa hannuwa, ko gaisuwa ba ya amsawa sai ya juya an ga bayansa.

Yana ci yana ƙiba, riga kuwa tana nan yadda take. Bayan wata biyu ta fara cizonsa. Ya ga abinci, babu wurin sa shi. Ƙaiƙayi ya dame shi, babu ta inda zai sosa. Ya gurza baya da dutse, ya yi birgima cikin yashi, da haushi ya ishe shi ya kai wa dutsen naushi, hannun rigar ya tsage, shi ma ya ji ciwo. Labari ya kai kunnen Kaguwa, ta aiko masa cewa jibi tana nan tafe karɓar raminta.

Jatau ya lallaɓa wurin Kififiya, duk girman kan ya zube. "Iya, ki yi wa Allah ki farke mini ita."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ɗinkina ba ya farkuwa. Sai dai ka tsaga ta ta baya ka sulale. Wata za ta fito maka a jiki, amma sai ta yi kwanaki kafin ta yi tauri. Kuma da yake matsattsiya ka zaɓa, duk wadda za ta fito haka za ta yi maka."

Ya koma gida, ya jera tsakuwa ya toshe ƙofa, ya yi ta nishi har ya fice daga rigar. Ya fito laushi tuɓus kamar burodin da aka tsoma a shayi. Wallahi a lokacin ya ba ni tausayi.

Sai ga Kaguwa. Ta yi ta janye tsakuwa ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Fito, na ji an ce hannun ya mutu!"

Jatau ya san in ta taɓa shi ya gama yawo. Da ta cire tsakuwar ƙarshe, ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya ware hannuwan nan biyu da ko kumfa ba za su fasa ba, ya daka tsawa: "Matso! Dama ɗaya gefen nake so in daidaita miki!"

Kaguwa ta tuna naushin bara. Ko waiwaye ba ta yi ba. Shi kuwa tana ɓacewa ya zube ƙasa.

Shi ya sa har yau, in rigar jatan lande ɗan dambe ta matse shi, yake barin abinci, ya ji wa kansa ciwo, ya rufe ƙofa, in kuma an leƙa ya ɗaga hannu yana cika baki. Ku rabu da naku, nan da 'yan kwanaki zai fito da sabuwar riga, tsagar ma ta tafi da tsohuwar. Ke kuma Hajjo, da kika yi ta birgima a ƙasa don haushin tela ya yi miki rigar Sallah da girma, gobe in mayar masa ya matse ta?

Ai na san za ki girgiza kai.