Maganin Bushiya da Sammacin Hawainiya

Ga ta nan tafe gare ku!

Ta ƙaraso mu ji ta.

Shekarar da tari ya addabi daji, Bushiya ta haɗa magani. Zaki ya ce har damina uku ba mai dafa irinsa sai ita. Ba a yi wata ba ta ga Zomo yana tallarsa, sai ta kai ƙara gaban alƙali Dila.

Zomo ya ce, "Allah gafarta malam, Kurege ma yana dafawa. A haɗa mu shari'a ɗaya."

A kotun Dila kuwa, in an ƙaro wani, sai a koma farko. Aka koma. Kurege ya ce shi a wurin Hawainiya ya gani.

Ƙayoyin Bushiya suka miƙe. Ta ce, "Malam, na yafe wa Hawainiya! A yanke mini da waɗannan biyun!"

Dila ya ce, "Haba baiwar Allah, ai sammaci ya riga ya tafi."

Hawainiya ta kamo hanya, tana ɗaga ƙafa tana fasawa. Ran da ta yi sallama a kotu, ruwan damina ta uku ya ɗauke, wa'adin da Zaki ya ba Bushiya ya cika. Dila ya yi tari, ya miƙa wa Zomo ƙoƙo ya zuba masa magani.

Ƙurunƙus kan Hawainiya.