Wanzamin da Ya Ƙi Zare Aska

An yi wani mutum a wani gari can baya, wanzami ne, ana ce masa Barmo. Ba malami ba ne, ba mai sarauta ba. Zabirarsa da askarsa da ƙahonsa, su ne dukiyarsa. Abu ɗaya ya bambanta shi da sauran wanzamai: ba ya yanka sai ya duba, kuma dubansa ba ya ƙarewa da wuri.

Ku saurara. Akwai wani bafataken kanwa, Gambo, da ya taso daga garinsu ya zauna nan da matarsa Tasalla, su biyu rak, ba uwa ba goggo. Allah ya ba su 'yar fari, Hansatu. Yarinya ta shekara uku ba ta ce uffan ba. Maƙwabta suka ce harshenta ne a ɗaure, a kira wanzami ya yanke zaren da ke ƙarƙashinsa. Gambo ya aika aka kira Barmo.

Barmo ya buɗe bakin yarinya, ya ɗaga harshe, ya duba, ya sake dubawa. Sai ya mai da aska zabira.

Gambo ya ce, "Barmo, yanka na kira ka, ba kallo ba."

Ya ce, "Maigida, ban ga abin yanka ba. Ka ba ni kwana uku in zauna a tsakar gidanka."

"Ka zauna ka yi me?"

"In wasa aska."

Gambo ya ce, "To, ka wasa. In kwana ukun sun cika ba ka yanka ba, akwai wanzami a kasuwar gaba, hannunsa ba ya rawa."

Kafin la'asar magana ta zaga gari, wai tsufa ya kama Barmo, jini yake tsoro. Kun san wanzami, in aka ce hannunsa na rawa, ya gama cin abinci da aska. Barmo ya ji, ya ɗauki dutsen washinsa ya koma gidan Gambo.

Ya zauna gindin tsamiya da ƙoƙo biyu a gabansa. Duk lokacin da Hansatu ta nemi wani, ko ta ɗago ido ta dubi uwarta, ko ta nuna abu da yatsa, ko ta ja zane, sai ya jefa ƙwallon tsamiya a ƙoƙon dama. In an amsa mata, ko da da kallo ne, sai ya jefa a na hagu. Yana mamaki a ransa: yarinya fes, an yi mata kitso, cikinta a cike, ba duka ba zagi. To me ya rage?

Rana ta farko, ƙoƙon dama ya kusa cika. Na hagu, ƙwallo biyu.

Rana ta biyu ya ga abin da ya sa ya ajiye dutsen washi. Akuya ta sa kai a turmi, Hansatu ta je ta tsaya a kanta, ta kama ƙugu, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ke, matsa can." Tsaf, ba gargada! Barmo ya ce a ransa, ashe harshe lafiyarsa lau, abin da aka zuba masa ne yake fitarwa. Don a kwana biyun nan, kalmar da ya ji an yi wa yarinyar ke nan.

Rana ta uku ya tara su, ya ajiye ƙoƙunan. Ya ce, "Wannan kiranta ne, wannan amsarku."

Tasalla ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce, "Baba, 'yar fari ce fa. Ni in zauna ina hira da ita? Ko sunanta ban taɓa kamawa ba. Haka uwata ta yi mini, ga ni kuma ina magana."

Barmo ya ce, "Da uwarki ta juya miki baya, wa ya ɗauke ki?"

Ta ce, "Kakata. A ɗakinta na tashi. Ita ke yi mini tatsuniya."

"To ina kakar wannan?"

Jama'a, kun ji inda gizo ke saƙa. Sun ɗauko kunya daga garinsu, sun baro kaka a can. Mutanen zamanin da ba wawaye ba ne. Da suka ce uwa ta kau da kai, sun tanadi wadda za ta juyo.

Gambo ya ce, "Yanzu so kake a yi da mu a gari, a ce ba mu da ta ido?"

Ya ce, "Kunya ta gaban mutane ce, ku riƙe abarku. Amma wa ke ganin Tasalla a madafa? In Hansatu ta nuna muciya, ki dubi muciyar, ki ce muciya ce. In ta yi gwaranci, ki amsa kamar ta faɗi magana, sannan ki yi shiru ki jira ta. Kai kuma maigida, in ka dawo, ka ba yarinyar buta ta riƙe maka, ka tambaye ta me akuya ta yi yau. Ku ba ni kwana arba'in. In ba ta yi magana ba, ni da kaina zan raka ku wurin mai hannun da ba ya rawa."

Abin bai zo da sauƙi ba. Ranar farko Tasalla ta ce "muciya" tana kallon bango. Barmo yakan leƙo duk Juma'a, bai taɓa yi mata faɗa ba, sai dai ya ce, "Ɗazu da ta miƙo miki ludayi kika karɓa kika yi murmushi, wannan shi ne. Ƙara irinsa."

Ana saura kwana shida wa'adi ya cika, ya yi sallama ya zauna. Hansatu ta tako, ta dafa zabirarsa, ta ce, "Baba, mene ne a ciki?"

Ya zaro askar, ya nuna mata daga nesa. Ya ce, "Wata aba ce da ba ruwanta da ke."

To, ku ji. Ciyarwa haƙƙi ce, tufatarwa haƙƙi ce, amsawa ma haƙƙi ce. Yaro ba ya koyon magana daga bango. Yau wa ke kunyar ɗan fari kamar da? Amma ga waya a hannu, yaro ya ja rigarka sau biyar, kai kana can wata duniya, gobe ka ce yaron nan ba ya ji. Kafin ka nemi mai magani, nemi ƙoƙo biyu. In kun koma gida yau, kowa ya ƙirga nasa, ya ga wanne ya fi nauyi. Allah ya ba mu ikon juyowa in sun kira.